Kishin Ƙanwata Ya Ci Mini Yatsu Biyu

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ɗora mini ciwon, ya kuma bar ni da rai har na zauna ina ba da labarinsa. Na daɗe ina gaya wa masu zuwa dubiya cewa suga ne ya cinye mini yatsu biyu na ƙafar hagu. Ba ƙarya na yi ba, amma ban faɗi duka ba. Ragowar ce nake son rubutawa, saboda matan da nake gani a layin asibiti suna irin fuskar da nake yi a da.

Sunana Rabi. A Birnin Tsaba aka haife ni, aure ya kawo ni Ƙaura. Maigidana Mamman direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Ƙaura da Shinkafi. Sana'ata kayan gara: alkaki, nakiya, dubulan. A unguwarmu da wuya a kai amarya ba a bi ta tsakar gidana ba. Ina da ƙanwa ɗaya, Hindatu, na ba ta shekara goma sha ɗaya. Innarmu ta rasu Hindatu tana ƙarama, ni na ɗauko ta, a ɗakina ta girma, daga ɗakina aka kai ta gidan Malam Sani, malamin firamare.

Ciwon ya fara mini kamar shekara biyu bayan an ba mu jiha, cikin bazara. Ƙishirwa ce farko. In sha moɗa uku a tsaye, kafin in aje moɗar maƙogwarona ya bushe. Sai yawan fitsari, sai rama, har zanena ya koma zagaye ni kusan sau biyu. Gwaggona Asabe, ƙanwar mahaifinmu da ke aure a Katuru, ta ce shawara ce, ta aiko da saiwoyi. Maƙwabciyata ta ce hannu aka sa mini saboda sana'ata ta yi albarka. Wata biyu ina jiƙe-jiƙe. Ranar da na ga kiyashi sun yi baƙi a inda na yi fitsari a banɗaki, ranar na ɗauki mayafi na tafi asibiti.

Aka ce in dawo da safe kada in karya. Na dawo, aka ɗebi jini, na wuni a kan benci. Likitan wani siririn mutum ne mai gilashi, ba ya ɗaga murya. Ya ce, "Ciwon suga ne. Ba ya warkewa, amma yana jin magana. In kin bi shi a hankali za ku tsufa tare." Ya rubuta ƙwayoyi, ya hana ni zaƙi, ya ce in rage tuwo in ƙara ganye da wake, in riƙa zuwa awo duk wata, in riƙa duba tafin ƙafata.

Da na gaya wa Mamman yana wanke hannu zai ci tuwo. Ya ce, "To, Allah shi sawwaƙe. Sai ki rage lashe-lashen nan." Ya ba ni kuɗin magani, bai taɓa hana ni su ba, wannan zan faɗa ko a gaban Allah. Amma bai sake tambaya ba. Na yi shekara guda ina fama ni kaɗai. In dafa wa gida shinkafa, in koma gefe da ɗan wakena. In soya dubulan kwano goma, hannuna har gwiwa cikin suga, ban kai baki ba. Ba kullum nake cin nasara ba, amma ina ƙoƙari, ina kuma zuwa awo.

Sai Hindatu ta fara ƙishirwa. Ni na gane, ni na ja ta zuwa asibiti. Da aka ce ita ma shi ne, na rungume ta muka yi kuka. Amma a can ƙasan zuciyata wani abu ya ɗan saki. Na ce yanzu mun zama biyu. Ni ce babba, ni na riga ta shiga, zan koya mata kamar yadda na koya mata daka da kitso.

Ba haka aka yi ba. Malam Sani ya sayi littafi, ya ja masa layi da rula, yana rubuta abin da ta ci da ranar awo da abin da awon ya nuna. Ya daina sa suga a shayinsa. Ya ce tukunya ɗaya za a riƙa ɗorawa a gidan, abin da za ta ci shi kowa zai ci. Ya dasa zogale a bayan ɗaki. Ranar da na fara ganin littafin nan a kan tabarma, na buɗe, na ga rubutunsa tsaf-tsaf, na yi dariya na ce, "Hindatu, an sa ki aji ɗaya ke nan." Da na koma gida na kasa cin abinci.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a. Mun yi murna, ni ma na koma Islamiyya da girmana. Sai dai mata suka daina hawan kabu-kabu, aka kawo motocin mata, su kuma ba su da yawa. Ranar awo sai in fito ban karya ba, in tsaya bakin titi rana na dukana, mota ta zo a cike ta wuce. Kafin in isa asibiti layi ya kai bakin ƙofa, jiri na ɗibata. Ita kuwa Hindatu mijinta ke kawo ta, babu mai hana shi ɗaukarta a babur ɗinsa. Sai in tarar da ita a gaba-gaba, ta aje mini jaka a kan benci ta kama mini wuri. Shi kuma yana can gindin dalbejiya da kwanon kalacinta a ɗaure cikin ƙyalle, yana jira a gama ɗibar jini.

"Yaya, ga wurinki," za ta ce da fara'a. In zauna in ce na gode, haƙorana a cije.

Akwai wata nas da muke ce wa Sista, mai aiki ce amma bakinta ba linzami. Ita ke karanta sakamako, kuma a gaban kowa take yi. Wata rana ta ɗaga katin Hindatu sama ta ce, "Ku dubi wagga baiwar Allah. Wata huɗu a jere lambarta ba ta hau ba. Haka ake yi." Sannan ta ɗauki nawa, ta duba, ta dube ni ta saman gilashi. "Ba ke ce yayarta ba? To mi ya hana ki koya wajenta?"

Mata suka yi dariya, ba da mugunta ba. Hindatu ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ji kamar an tuɓe mini zane a kasuwa. Yarinyar da na goya, na share wa majina, ita ce yau za a ce in je in koya wajenta. Babu wanda ya tambaye ni wa ke kawo ni, wa ke ci tare da ni, ko a cikin me nake wuni da hannuna.

Tun daga ranar na fara janyewa. Hindatu ta riƙa aiko mini da tuwon alkama da miyar zogale, in zuba wa awaki in mayar da kwano. Da wata ya zagayo na ce ina da aikin biki, ban je awo ba. Na bayansa na ce na canza rana. A Islamiyya malamarmu ta yi mako guda tana karatu a kan hassada, ina zaune a sahun gaba ina gyaɗa kai, ina tuno wasu matan da karatun ya dace da su. Ko sau ɗaya ban kawo kaina ba. Ni a ganina ba baƙin ciki nake da lafiyarta ba, haushin rashin adalci nake ji.

Gwaggo Asabe ta zo Ƙaura gaisuwar wata rasuwa ta kwana wajena. Ta ce akwai mai magani a kasuwar Shinkafi, garinsa na fitar da suga daga jiki gaba ɗaya, mutum ya koma cin abin da yake so. "Ƙwayar asibiti lallashi takai," in ji ta, "wanga kuwa kora shikai." Maganar ta shige ni, ba don na yarda da mutumin sosai ba. Abin da na hango shi ne ranar da zan shiga gidan Hindatu in ce na warke. Ita tana nan da littafinta da rularta har tsufa, ni kuwa na fita. Na ba Mamman saƙo, ya sayo mini tunda hanyarsa ce. Garin yana da ɗaci kamar ya tsinka harshe, ɗacin ya sa na ƙara yarda. Na tura ƙwayoyina ƙarƙashin katifa.

Ƙishirwa ta dawo, na ce maganin ne ke aiki. Idona ya fara gani dishi-dishi, na ce hayaƙin murhu ne. Tafin ƙafata ya riƙa yi kamar na taka auduga, wannan kuwa ban ba shi suna ba.

A bikin 'yar maƙwabciyarmu abin ya fito fili. Ni na yi kayan garar. Muna zaune cikin mata, Hindatu na gefena da ruwanta a gora, aka zagayo da lemon kwalba. Na miƙa hannu na ɗauka, na haɗa da alkaki biyu. Ina sane da idonta a kaina, don shi ma na yi.

"Yaya, don Allah," ta ce a hankali, ta riƙe kwalbar.

"Sakar mini."

"Yaushe rabonki da awo? Sista ta tambaye ni ke har sau biyu."

"Ni na warke. Ke ce mai ciwo, je ki mijinki shi rubuta."

"Yaya, wanga ciwo ba ya..."

Na fizge kwalbar har ta zube mata a zane. Na ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ni na goye ki, Hindatu. Ba ki isa ki auna mini loma ba." Na shanye a gabanta. Ta tashi ta ɗauki mayafinta ta fita. Muka yi kusan wata ba mu ga juna ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na ɗauko ta.

A cikin watan nan ne na taka garwashi. Ina suyar dubulan, ba takalmi, ban ji komai ba. Sai da na zo alwalar la'asar na ga bororo a ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Makon farko na fasa shi da allura na shafa man shanu. Mako na biyu ya buɗe, yana ruwa, na ɗaure da tsumma na ci gaba da aiki, don ina da gara biyu a hannu. Mako na uku yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bin sahu, ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni. Na san abin da ya kamata in yi. Asibiti ba nisa gare shi ba. Amma in na tuna zan shiga in tarar da Sista, ta ce ina kika shiga, labari ya kai gidan Malam Sani, sai in ƙara turare a ɗaki in ja zane in rufe ƙafar. Mamman yana fita da asuba ya dawo a gajiye. Ya ce, "Zazzaɓin bai sake ki ba?" Na ce da sauƙi.

Wata Laraba da hantsi na ji sallamarta. Ta shigo ɗakin, ta tsaya, ta ja numfashi sau ɗaya. Ba ta gaishe ni ba. Ta zo ta yaye zanen. Na ga fuskarta ta canza, sai ta juya ta fita tsakar gida. Na zaci tafiya za ta yi. Ashe aike ta yi makaranta a kira mijinta, aka kuma aika tasha a tare Mamman.

A asibitinmu likitan nan mai gilashi ya duba, bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce kawai, "Mako biyu da suka wuce da wanki da allura sun isa." Ya rubuta takarda zuwa Gusau. A Gusau muka kwana biyu kafin a sami gado. Aka sa mini ruwa, aka fara allurar suga safe da yamma, aka ce sai lambar ta sauka kafin a taɓa ƙafar. A rana ta biyar aka shiga da ni. Na farka na tarar da ƙafata a naɗe, an cire biyu. Likitan can ya ce in gode wa Allah, da an ƙara kwanaki da daga gwiwa za a yi magana.

Mako biyar na yi a gadon nan, Hindatu ce a kaina. Ta bar 'ya'yanta wajen uwar mijinta. Ita ke kai ni banɗaki, ita ke bin layin magani, ita ke riƙe ni in an zo wankin ciwo ina ihu. Tana yi tana shan nata ƙwayoyin a kan lokaci, ko sau ɗaya ba ta tsallake ba. Mamman ya sayar da ragunansa biyu da yake kiwo don layya, ya biya komai. Sau uku ya zo. Yakan tsaya daga ƙarshen gado, ya ce ya jiki, idonsa a kan bango, ba ya iya kallon ƙafar. Malam Sani kuwa duk Asabar yana tafe da kwano biyu, nata da nawa, har ya buɗe mini shafi a bayan littafin. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma ko a lokacin, da yatsuna biyu a ƙasa, in na hango su ta taga suna zaune yana ɓare mata gyaɗa, abin nan yana taso mini har wuya.

A mako na huɗu, wata rana bayan azahar, tana tsefe mini kai. Da yake ba ta ganin fuskata sai na sami ƙarfin magana.

"Hindatu, tuwon da kike aiko mini, awaki nake ba."

Hannunta bai tsaya ba. "Na sani."

"Ba warkewa nake nema ba da na bar magani. So nake in fi ki."

Nan ta tsaya. Da ta yi magana, muryarta ba ta tausayi ba ce, ta fushi ce.

"Ki fi ni da mi, Yaya? Kin ɗauka daɗi nike ji? Ko ƙosai guda na ci sai an rubuta. In lamba ta hau, kwana uku Malam ba ya walwala, in ji kamar na yi sata. Akwai ranar da na ɓuya bayan ɗaki na sha rake gaɓa biyu ina kuka. Ba ƙwazo ne gare ni ba, tsoro ne. Ke kina ɗakin miji sa'adda Inna ta kwanta. Ni ke ɗebo mata ruwa, tana sha tana ƙara nema, ƙafarta na wari, ana cewa sammu ne. Ranar da likita ya faɗi sunan ciwona na gane abin da ya kashe ta. Da na shigo ɗakinki ran nan, warin nan na ji."

Ban taɓa haɗa ciwon Inna da namu ba. Na zo jinyarta a kwanakin ƙarshe ne kawai, an riga an rufe ƙafar. Na kama hannun Hindatu ta bayana, muka yi kuka har matar gadon kusa ta fara ba mu haƙuri.

Da muka natsu na ce, "Duk da haka, gara a sa miki ido da a ce ba mai kallonki."

Ta ce, "Wannan gaskiya ne." Na gode mata da ba ta musa ba. Sai ta ƙara da cewa, "Amma ke kin taɓa ce wa Yaya Mamman shi kai ki?"

Shekara kusan uku ina ƙirga abin da bai yi ba, ina auna shi da mijin wata, ban taɓa buɗe baki na roƙe shi ko rakiya ba. Ni ce babba, ni ce mai sana'a, ni ake roƙo.

An sallame ni ina dogara sanda. Wata uku kafin ciwon ya rufe, tafiyata kuma ba ta koma daidai ba har yau. Na rage karɓar aikin gara, wanda na karɓa ma da takalmi nake yi, a zaune, nesa da murhu. Gwaggo Asabe ta zo dubiya ta ce ai da na ƙara kwana bakwai a kan garin da ya gama aikinsa. Na ce Allah ya saka da alheri, Gwaggo. Sista tana nan da bakinta, amma na same ta ita kaɗai na ce don Allah ta daina karanta katina a gaban mutane. Ta dube ni da mamaki, ta ce ba ta san yana yi wa kowa ciwo ba. Ta daina, nawa dai.

Ba zan ce kishin ya mutu ba. Yana nan, yana tasowa, sai dai yanzu na san sunansa, in ya zo ba na barin shi ya zaɓar mini abin da zan ci. 'Yar'uwa mai wannan ciwo, za a gaya miki abin da za ki ci da abin da za ki bari, kuma ki bi. Amma ki duba wace ce ba kya son ta ga katinki, wace ce in an yabe ta abinci ke fita ranki. Ni ta nan ciwon ya sami ƙofa. Allah ya ba duk mai kwance lafiya, ya saka wa masu jinya, ya jiƙan Innarmu.

Ranar awona na farko bayan sallama, na tashi na yi wanka na shirya. Mamman yana tsakar gida yana ɗaura agogo, zai fita lodi. Na tsaya a bakin ƙofa da sandata.

"Malam, so nake ka sauke ni asibiti kafin ka tafi tasha."

Ya juyo. "Yau?"

"Yau, da duk ranar awo."

"Kullum ne ake zuwa?"

"Sau ɗaya a wata."

"Sau ɗaya a wata," ya maimaita. "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan. Sai ya sauke idonsa kan ƙafata, karo na farko tun da aka yi aikin. Ya daɗe yana kallon gurbin. Ya zo ya karɓi jakar daga hannuna, ya ce, "Taka a hankali, akwai dutse a bakin zaure."